Ƙoƙon da Aka Ware wa Dabo

"Ki bar gyaran kwallin nan, Fanna, tulun burkutu ne zai zo, ba miji ba."

Gwaggo Yakaka ce ta faɗi haka tana tankaɗe a tsakar gidan ƙaninta, Muhammadu Lawan dillalin shanu, mahaifin Fanna, a unguwar Hausari. Gwaggo irin matan nan ce da ko Aljanna aka nuna musu sai sun ce ba a share ƙofar ba. Fanna ta sunkuyar da kai. Yau mijinta Dabo zai zo biko, in bai gamsar da mahaifinta ba gobe za a je gaban Alƙali a raba auren.

Laifin Dabo ba ɓoyayye ba ne. Direban lori ne mai kai gyaɗa Kano, ya koyo shan burkutu a bariki, har ta kai yana shigowa gida da rarrafe, baki cike da goro don kashe wari. Sau nawa ya dafa Alƙur'ani ya ce ya daina, kasuwa ba ta sake ci ba ya koma. Aiki ya tafi, mata ta tafi. Tun daga lokacin yake garin Ngojin wajen wani Malam Kaumi, yana jan ruwa yana karatu. Ita kuwa Fanna, duk zagin da ake masa, sonsa bai bar ta ba.

Da la'asar Dabo ya yi sallama, ya durƙusa a zaure, ya rame. Aka miƙa masa goro ya ce, "Na gode, Baba. Na bar cin goro, ba ni da abin ɓoyewa a bakina."

Gwaggo ta taɓe baki daga ƙofa. "Ke, kai masa ruwa. A ƙoƙonsa fa, kada ki ɓata mana moɗa."

Wani tsohon ƙoƙo ne mai tsaga, rataye a turken awaki. Tun da Dabo ya fara sha aka ware masa shi, ko yaran gidan ba sa taɓawa. Fanna ta wanke shi hawaye na zuba, ta kai. Ya gane ƙoƙon sarai. Ya karɓa da hannu biyu, ya yi bisimilla, ya sha rabi.

Lawan ya dube shi. "Rantse ka daina."

"Ba zan rantse ba, Baba."

"Kun ji ko?" in ji Gwaggo, har da tafi. "Ɗan bariki ai ɗan bariki ne."

"Na rantse a baya, na ci amanar rantsuwar," Dabo ya ce. "Da damina ma na faɗi sau ɗaya, na je da ƙafata na gaya wa Malam. Yau dai ban sha ba. Gobe kuma zan tashi in roƙi Allah kamar yadda na roƙa yau."

Fanna ta ji tsoro ya kama ta, don ta san wannan amsa na iya kai su gaban Alƙali. Amma tun aurensu ba ta taɓa jin ya faɗi laifinsa da bakinsa ba. Sai ta durƙusa, ta ɗauki ƙoƙon, ta shanye sauran ruwan a gaban mahaifinta.

"Kin sha bakin mashayi!" Gwaggo ta dafe ƙirji.

"Bakin mijina na sha, Gwaggo."

Lawan ya tsufa a kasuwar shanu, ya san mai saniyar da ya fi yawan rantsuwa shi ya fi ɓoye ciwo. Ya karɓi ƙoƙon, ya shiga gida, ya kifa shi a bakin randar da kowa ke sha.

"Haɗa kayanki, Fanna."

Suka tafi, kuma Allah ya riƙe Dabo har tsufansa, kullum da roƙon ranar. Tuba dai ba rantsuwa ba ce, gaskiya ce da haƙuri, kuma mai tuba ya fi buƙatar wanda zai sha bayansa a kan mai yi masa wa'azi.

Gwaggo kuwa a ran nan ta yi ta fama da ƙishirwa tana harare-harare, kafin da magariba ta faki ido ta ɗauki ƙoƙon ta sha ruwa.