Teburin Kankare Bokiti

"Kai ne mai agogo?"

Abin da Baba ya fara faɗa ke nan, tun Dogo bai gama durƙusawa ba. Auta na tsaye a bakin ƙofar falo da tiren ruwa.

"Baba, ina wuni..."

"Na ce kai ne yaron da ya tsaya a bayana da ƙaramin agogo, kana dannawa kana rubutu?"

Dogo ya ɗago ya dubi fuskar dattijon, nan take ya gane shi. Ya sunkuyar da kai.

"Ni ne, Baba."

"To tashi ka fita! Ka cire min abinci daga baki, yanzu kuma 'yata ka zo ɗauka? Ba a gidan nan ba!"

Dogo ya miƙe, ya ɗauki takalmansa a hannu. Da zai wuce ta, sai ya ɗan girgiza mata kai, alamar kada ta yi magana. Ita kuwa, Allah Sarki, ta yi shirun. Wannan shirun ne ya hana ta sakat.

Ga yadda abin ya faru. Auta da Dogo ajinsu ɗaya a jami'a, suna shekarar ƙarshe a fannin injiniyancin masana'antu, wato karatun yadda ake tsara aiki a kamfani don kada a ɓata lokaci da ƙarfi. Malaminsu ya haɗa su aikin kammala digiri a kamfanin robobi, inda Baba ya tsufa yana aiki. Auta ta ce ita kam ba za ta iya tsayawa a kan sa'o'in mahaifinta tana auna su ba, kunya ba za ta bar ta ba. Sai suka raba: Dogo ya shiga da agogo yana auna daɗewar bokiti a kowane tebur, ita kuma ta zauna a makaranta tana lissafi da zane.

A zanen nan babu mutane, tebura ne kawai da kibiyoyi. Ta lura akwai wani tebur a tsakiya inda ake kankare ragowar robar da ke fitowa a bakin bokiti, kullum nan kaya ke taruwa. Ta ga in aka gyara bakin injin, mai sa mariƙi ma zai iya share ɗan abin da ya rage. Ta ja jan biro ta soke teburin, har da tafawa don murna.

Ita a saninta Baba a wajen injin yake. Ba ta san tun da ciwon baya ya matsa masa aka mayar da shi teburin kankare bokiti ba, don bai gaya wa kowa a gida ba. Manaja ya ga zanen ya yaba, malami ya yaba, aka ɗauke teburin. Da Baba ya dawo gida da 'yar wuƙar aikinsa a aljihu, cewa kawai ya yi an rage ma'aikata. Sai yau, da ya ce "mai agogo", Auta ta gane wanda ta soke.

Washegari ta tarar da Dogo a ɗakin zane na sashensu, ya tasa allo a gaba amma ba ya komai.

"Me ya sa ka hana ni magana?"

"Don na ga yadda yake kallonki."

"Amma ni ce na soke teburin! Kai aunawa kawai ka yi!"

"Na sani, rabin raina. Ki bar shi a kaina. Ni baƙo ne, in ya tsane ni zai iya barci. Ke fa?"

"Mu fa? Aurenmu fa?"

Ya yi murmushin da bai kai zuci ba. "Zai huce... wata rana."

"Ba ka san Baba ba. Wallahi ba zai huce ba!"

Ta kifa kai a kan allon ta fashe da kuka. Ya rasa yadda zai yi da ita, sai ya miƙa mata tsumman goge allo. Ta dube shi, ta dubi tsumman, ta yi dariya cikin hawaye.

"Kai dai ba ka iya lallashi ba ko kaɗan."

"Ba a koya mana a aji ba," in ji shi.

A gida kuwa abin ya fi ciwo. Baba ba ya kiranta Auta kamar kowa. Tun ranar da ta sami gurbin karatu ya raɗa mata Injiniyata, har maƙwabta sun gaji da jin sunan. Yanzu da ba shi da wurin zuwa, sai ya wuni a tsakar gida yana bin bokitan Umma da kwanukan roba ɗaya bayan ɗaya, yana kankare bakin da tuni ya yi sumul.

"Malam, ka bar min bahon nan haka, ka kusa huda shi!" in ji Umma.

"Hannun ne ya saba," ya ce. Ya hango Auta ta dawo daga makaranta, fuskarsa ta washe. "Injiniyata! Zo ki zauna. Ke dai in kin gama, kada ki zama irin yaron can marar imani."

Ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Abinci ya daina shiga, karatu ya daina zama. Duk sanda ya kira sunan nan sai ta ji kamar kayan sata ta sa a jikinta. Umma ta tsare ta a kicin ta ce, "Auta, son yaron nan ne zai ƙarar da ke haka?" Auta ta dai ci gaba da wanke kofin da ta riga ta wanke.

Ranar da aka kafe sakamako, aikinsu ne ya zo na ɗaya. 'Yan aji suka yi ta ihu. Dogo ya tsaya can nesa yana tafa mata, ya rame har wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Tana ganinsa haka ta ɗauki jakarta ta nufi gida.

Baba na kan tabarma da wuƙarsa yana kankare wani bokiti. Ta durƙusa a gabansa.

"Baba, ba shi ba ne."

"Wa?"

"Mai agogo. Shi aunawa kawai ya yi. Ni... ni na yi zanen. Ni na ce a cire teburin. Wallahi ban san kai ne a wurin ba, Baba! Ban tambaya ba... ban ma yi tunanin akwai mai zama a wurin ba!"

Wuƙar ta tsaya. Umma ta leƙo daga kicin ta dafe ƙirji. Baba ya daɗe yana shafa bakin bokitin da babban yatsansa, wanda riƙon wuƙa ya sa ya yi kanta.

"Lissafin naki daidai ne?"

"Baba..."

"Tambayarki nake yi. Teburin ba shi da amfani?"

Ta so ta yi ƙarya, Allah ya sani ta so. Hawaye na zuba ta ce, "Daidai ne, Baba."

Ya gyaɗa kai a hankali. "To ai karatun ya shiga ke nan. Abin da na tura ki ki koyo ke nan." Muryarsa ta karye a ƙarshen maganar, ya yi tari don ya rufe. "Shi kuma yaron, ya sani ya yi shiru ina zaginsa?"

"Shi ya hana ni faɗa."

"Na zalunce shi." Ya ninke wuƙar ya sa a aljihu. "Ki ce ya dawo, ya turo manyansa. Amma ya bar agogon a gida."

Umma ta yi dariya tana share ido da gefen zani. Auta ta kama ƙafar mahaifinta da hannu biyu.

"Ka yafe min, Baba. Don Allah ka yafe min!"

"Na yafe."

Ya dafa kanta, ya dogara da bango ya miƙe da ƙyar saboda bayan nan nasa. Ta ɗago jajayen idanunta tana jiran sunan, sunan da ya saba cika gidan da shi. Ya buɗe baki, ya rufe, ya kawar da kai.

"Tashi, Auta," ya ce. "Je ki wanke fuskarki."