Akuyar da Ta Ci Rawanin Alƙali

Can a wani zamani an yi wani alƙali wanda ya fara da sharar zauren shari'a, daɗin baki ya kai shi kan buzu. Wata safiya ya fito yana kururuwa wai duniya ta tashi, an kashe shari'a. Ashe akuyar wata tsohuwa ce ta tauna rawaninsa a wurin shanya. Ya rantse sai an yanka ta.

Tsohuwa ta ce, "Allah gafarta Malam, bara da jakinka ya cinye mini gero, wa ya yanke cewa dabba ba ta da hankali?"

Alƙali ya shafa sanƙonsa, ya ce, "Ni ne, Iya. Ja akuyarki. Ashe da bakina na ba ta rawanin."