Mai Tura Dutse a Grand Concourse

A bakin tashar jirgin ƙasa na layin D, a titin Grand Concourse, Ammar ya fara ganin Zeinabou, tana gyangyaɗi a tsaye bayan teburin huluna da safa na mahaifinta. Ya ɗaga tsohuwar kyamararsa mai fim.

"Malam, a garinku ba a sallama?" ta ce, ido rabi a rufe.

Shi ke nan. Kafin wata uku ya tara safar da ko ƙafa goma gare shi ta ishe shi.

Da rana abinci yake kai wa mutane a babur. Abin da ya rage na ƙarfinsa kuma hotuna baƙi da fari ke cinyewa. Yana ɗora su kan tatsuniyoyin Girkawa, ya wanke fim a banɗakinsa na unguwar Parkchester.

Malam Mahaman, mahaifinta, bai ɓoye ra'ayinsa ba.

"Bon, to, hoto ba launi, miji ba albashi? Ga Mukhtari a ofishin jakadanci."

Zeinabou ta tura wa Ammar saƙo: "Abin ƙaunata, na gaji wallahi. Juma'a Baba zai ba Mukhtari amsa."

"Zeena tawa, ba ni kwana uku."

Daga nan shiru. Ta yi kuka, ta ɗauka ya janye. Ashe kowace safiya yana tsaye a tsallaken titi cikin sanyi da fim ɗinsa na ƙarshe. Shi kuwa fim ba ya nuna maka abin da ka kama sai ka wanke.

Ranar Alhamis ya durƙusa gaban Malam Mahaman, ya miƙa hoto guda: dattijo yana tura keken kaya a hawa, baya a sunkuye.

"Baba, Girkawa suna da labarin wani mai tura dutse kan tudu. Kullum dutsen ya gangaro, kullum ya koma. Shi horo aka yi masa. Ku kuwa don 'ya'yanku ne."

Malam Mahaman ya daɗe yana kallo.

"Shekara ashirin da biyu," ya ce a hankali. "Huluna kawai ake kallo, ba wanda ya taɓa ganina." Ya share ido da hannun riga. "Turo magabatanka."

Bayan sallah aka ɗaura aure, aka yi ta sa albarka, Allah ya ba da zaman lafiya da zuri'a ɗayyiba.

Ranar Litinin da safe Zeinabou ta leƙo ta taga. Keken yana hawa kamar kullum, amma hannu huɗu ne a kansa.