Tambaya ta Goma Sha Bakwai

"Ki cire shafin nan daga kundinki, Farin Cikina... don Allah."

Na ɗago daga kan kwamfuta na dubi Malam, wanda zan aura. Lissafi yake koyarwa a makarantar mahaifiyarsa Hajiya, can kuma na samo takardun jarrabawar yara ɗari uku don binciken digirina na biyu kan auna ƙwazon ɗalibai.

"Duba tambaya ta sha bakwai," na ce. "Haziƙan ajin duk sun faɗi, 'yan baya sun ci. Hakan ba ya faruwa sai in amsar da aka yi maki da ita ce ba daidai ba."

"Hajiya ce fa ta rubuta amsoshin..."

"Yara tara aka hana wucewa aji saboda maki ɗaya."

"Saura wata biyu aurenmu."

Ina son mutumin nan kamar raina, amma ban iya ganin baƙi in ce fari ba.

'Yar ƙanwar Hajiya, wadda ta daɗe tana yi masa kwalliya a banza, ta riga ni kai labari, wai zan tona asirin makarantar a gaban farfesoshi.

Na sami Hajiya a ofishinta, fuska ba annuri.

"Ke ce mai gyara mini aiki? Tun ba a haife ki ba nake maki."

Na durƙusa na gaishe ta, na miƙa mata takardar tambayar.

"Mama, babu sunan makaranta a kundina. Ke na fara kawo wa. Ki lissafa da hannunki kawai."

Ta ja biro ta lissafa. Ta sake lissafawa. Sannan ta cire tabarau.

"In na ce ki zaɓa, ɗana ko takardar nan?"

"Zan yi kuka, Mama... amma yaran nan sun ci."

Daga bakin ƙofa Malam ya ce, "Hajiya, ni ma na lissafa. Gaskiyarta ce. Tsoro ya hana ni faɗa."

Ta harare shi. "Malamin lissafi guda! Je ka kira iyayen yaran nan tara."

Ta kamo hannuna.

"Tashi, 'yata. Daga yau ba jarrabawar da za a buga sai kin duba."

A baranda Malam ya rage murya.

"Ni fa, Farin Cikina... na ci?"

"Da ƙyar," na ce. "Da maki ɗaya."