Takardar da Ɓarawo Ya Bari a Taga

Ran Laraba da hantsi wata ɗalibar lise, wato babbar sakandare, ta shigo komisariyar 'yan sandan Gaya ita kaɗai, ta tsaya gaban Sufeto Yunus Bawa.

"Sunana Khaulat. An sace na'urata ta raba hasken rana. Ran Asabar zan kai ta gasar kimiyya a Dosso. In babu ita, babu ni."

"Shugaban makaranta ya sani?"

"Ya ce in yi haƙuri, kada a ɓata sunan makaranta. Na ƙi."

Sufeto ba ya son yara masu tsaurin ido, amma wannan ta burge shi. Ya ɗauki hularsa.

A ɗakin gwaje-gwaje ya tarar ba a ɓalle kwaɗo ba. Mutum biyu ke da makulli: Mushe Issa, wato Malam Issa, malamin kimiyya, wanda ke Tanda wajen rasuwa tun Litinin, da Kabiru mai kula da ɗalibai.

Khaulat ta bayyana masa na'urar: bututun kwali ne, da gilashi mai tara haske a baki, da ɓarin faifan sede, wato CD, a ciki. Haske na shiga sai ya rabu launi-launi, a ga baƙaƙen layuka masu nuna sinadaran da ke cikin rana.

"Wannan farar takarda a taga fa?"

"Ita ake shimfiɗawa a rana a auna ta da na'urar. Ba a duban rana kai tsaye, ido zai ƙone."

Ɓarawon dai ya ɗauki na'ura ya bar takarda. Sufeto ya yi murmushi.

Kabiru ya zo da baƙin tabarau, yana taku kamar shi ya gina makarantar.

"Apolo ke damuna, ranka ya daɗe. Ni ban ma san kamannin abin ba."

"Cire tabaran."

Ya cire. Idanu fari tas, babu ja, babu kwantsa. Sufeto ya miƙa masa takardar sunayen aji.

"Rufe idon hagu ka karanta mini."

Kabiru ya karkata kai dama, ya karkata hagu, yana neman rubutun ta gefen ido. Gumi ya keto masa.

"Baƙin tabo kake gani a tsakiya, ko? Jiya da azahar ka leƙa rana."

Kabiru ya zauna ba a ce ya zauna ba. "Ƙanena Nasir ya zo na biyu a zaɓen wanda zai je gasar. In ba ta je ba, shi za a tura. Na ɓoye na'urar bayan kabad, sai na ce bari in ga abin da yarinyar nan ke gani."

Aka fito da na'urar. Zafin ranar ya lanƙwasa faifan ciki, ya babbake bakin kwalin. Ran Sufeto ya ɓaci, aikin wata huɗu ne.

"A fara kai shi asibiti, sannan komisariya," ya ce wa ɗan sandan da ke ƙofa. Aka tasa Kabiru gaba.

Shugaban makaranta, da ya laɓe tun ɗazu, ya matso yana gyaran murya. "To 'yata, tunda ta lalace, sai a bar Nasir ya tafi."

Khaulat ta juya bututun a hannu, ta ɓalle faifan da ya narke ta ajiye masa a kan tebur.

"Yau Laraba ce, Mushe. A ba ni makullin ɗakin nan, kafin Asabar zan gyara ta."

Shugaban ya dubi Sufeto yana neman agaji. Sufeto ya ɗauki makullin da ya karɓe daga Kabiru ya sa mata a tafin hannu.