Ƙofar da Amarya Take Kullewa Ranar Talata

Auta bai gama cire takalmin aikinsa ba Yaya Babba ta ja shi falonta, ta rage murya.

"Auta, ni dai ba na son haɗa faɗa..." In Yaya Babba ta fara da haka, to faɗan ya riga ya haɗu. "Amma duk Talata in ka fita wurin waldarka, matarka kulle ƙofa take yi. Awa biyu cur! Kuma da kunnena na ji muryar namiji."

"Namiji kuma, Yaya?"

"Ni kurma ce? Cewa yake ta nuna masa bayan ƙofa da ƙarƙashin tebur. Wane mai gaskiya ne yake duba bayan ƙofa?"

Auta ya yi dariyar yaƙe, amma maganar ta tsaya masa a ƙirji. Shekara biyu da aurensu, har yanzu Amarya ake ce mata, kuma bai taɓa kama ta da ƙarya ba. Sai dai kwanan nan ta sauya. Ta karɓe tsohuwar laftop ɗinsa, ta sa mata fasuwod, in ya shigo sai ta rufe ta da sauri. Ya tambaye ta, ta ce babu komai, idonta a ƙasa.

Ranar Talata ya fita kamar kullum, ya dawo da hantsi. Ya tarar Yaya Babba ta riga shi bakin ƙofar, har ta ɗauko masa guduma.

"Fasa!" ta raɗa masa. "Yau asiri zai tonu."

Ya kara kunne. Namiji ne kuwa, sai dai muryar siririya ce kamar ta rediyo: "Saura minti talatin. Ki ci gaba da kallon allo." Sai numfashin Amarya sama-sama, da muryarta tana rawa: "Wayyo Allah, komai ya goge..."

Auta ya san wannan rawar muryar ta Amarya. Lokacin da yake nemanta, sau uku yana ɗauko ta daga bakin zauren jarrabawa, hannunta sharkaf da gumi. Ta san amsa sarai, amma da an ce a fara sai kanta ya ɗauke. Dangi suka yi ta mata dariya wai kanta ba ya ja, Yaya Babba ce ma kan gaba.

To amma zargi ba ya sakin mutum da sauƙi. Idan kuma raina masa hankali ake yi fa? Ya jinjina gudumar, ya dubi ƙofar. Can sai ya ajiye ta a hankali, ya zauna a ƙasa, ya jingina da ƙofar.

"Yaya, ba mai taɓa ƙofar nan."

"An shanye ka, wallahi! Namiji a ɗakinka, kai kuma kana gadi?"

Bai taɓa ganin rabin awa mai tsawon wannan ba, don duk minti sai zuciyarsa ta ce masa shi wawa ne.

Da ƙofar ta buɗe, Amarya ta tsaya turus, fuskarta jage-jage da hawaye. Ba kowa a ɗakin sai laftop a kan tebur.

"Kwas nake yi onlayin, Maigida, ana tara mini maki zuwa digiri. Mai sa ido ta kyamara yake kallona. Da ƙofar nan ta buɗe, da ya soke jarrabawar, kuma wannan ce damata ta ƙarshe."

"Me ya hana ki gaya mini?"

"In na san wani yana jiran in ci, sai in kasa. Ko da kai ne."

Ta juyo masa allon: saba'in da takwas! Yaya Babba ta tuna ta bar tukunya a wuta, ta sulale.

Sai idon Amarya ya sauka kan gudumar. "Wannan fa?"

Auta bai iya ƙarya ba. "Na zarge ki. Ki yafe mini."

Ta daɗe tana kallonsa, hawaye na zuba. "Ka zarge ni," ta ce, "amma ka zauna."

Masoya, zargi yana zuwa wa kowa, har mai son gaskiya. Duk wanda zargi ya kai shi bakin ƙofa, ya daure ya jira a buɗe masa. Da Auta ya buga sau ɗaya tak, da ba ƙofa kaɗai ya fasa ba.