Alayyadi Ya Yi Yawa

"Mi kinka sa cikin sabulun nan, Luba?"

Lubabatu ta saki muciyar da take juya mai da ita, ta ɗago ta dubi Jabir. Ko babur ɗinsa bai kashe ba, ko sallamar kirki bai yi ba. Mutumin da iyayensa ke shirin kawo sadakinta!

"Sake faɗi in ji."

"Fuskar Hajiya ta saɓule, duk ta yi jawur. Gari ya ɗauka wai asiri kinka yi mata don ki mallake gidanmu..."

"Gari ya faɗi. Kai hwa?"

Ya kawar da kai. Wannan ya fi zagi ciwo, sai ta ji kamar an watsa mata ruwan soda a ƙirji.

Gaskiyar magana, Lubabatu sabuwar hannu ce. Kwanan nan ta koyi haɗa sabulu wurin wata mata a Ƙonni, kuma kamar kowane ɗan koyo, kumfa ce ta ruɗe ta. A kasuwar Illela ba a tambayar me sabulu ke yi wa fata, kumfarsa ake kallo. Da ta ji an ce man alayyadi ne ke kawo kumfa, sai ta zuba shi zalla, ba man gyaɗa, ba man kaɗe. Ta yanka, ta jera a inuwa ya sha iska, don ɗanyen sabulu cizo yake yi.

Ana haka Shahida ta shigo, 'yar ƙanwar Hajiya Tasalla mahaifiyar Jabir, yarinyar da duniya ta san ta daɗe tana yi wa Jabir tanadin kanta. Ta yaba, ta shafa, ta roƙi guda. Lubabatu ta ce bai nuna ba, sai bayan makonni. Shahida ta ce ajiyewa za ta yi. Ashe a ranar ta miƙa wa Hajiya, wai saƙo ne daga surukarta.

"Masoyiyata, ki saurare ni," Jabir ya sassauta murya. "Hajiya ta ce in kin bar sana'ag ga, kin zo kin ba da haƙuri, magana ta wuce."

"In bari? Ran da na bari, ran nan na amsa cewa ni matsafiya ce!"

"Luba..."

"Kuskure na yi, Jabir, ba asiri ba. Na kuskure ina ba da haƙuri. Na asiri ko, ko sama da ƙasa za su haɗe!"

Har mahaifinta, Malam Maccido, mai makarantar allo, da ya ji labari sai ya ce ta kife tukunyar nan, sunan gidansa ya fi ƙarfin sabulu. Ta durƙusa a gabansa tana hawaye.

"Baba, sunan naka nika son wankewa. Ka ba ni izini sau guda."

Ya ajiye carbi, ya ce, "Tahi."

Washegari da hantsi ta yi sallama gidan Hajiya Tasalla, roba a ka, galan-galan a hannu. Matan gidan suka yi cirko-cirko. Hajiya na zaune a tabarma, fuska duk ɓawo, Shahida na yi mata fifita kamar ta Allah.

"Ina kwana, Hajiya. Ya jiki?"

"Jiki ga shi kina gani. Ƙarasa ni kinka zo yi?"

"Haƙuri na zo ba ki, don hannuna ya yi sabulun. Sannan in haɗa wani gabanki, da man gidanki in kin so."

Hajiya 'yar kasuwa ce, ba a yi mata ciniki a duhu. Ta sa aka ɗebo man gyaɗa daga ɗakinta, ta ce, "Bismillah."

Lubabatu ta sa safar hannu, ta zuba soda cikin ruwa, ta ture gefe ya huce. Sannan ta fara bayani.

"Alayyadi na kawo kumfa da tauri, amma in ya yi yawa sai ya busar da fata. Kaɗan za ni sa. Man gyaɗa na da laushi, shi kaɗai kuma sabulu ba ya ɗaurewa. Man kaɗe shi ka sanyaya su duka. In an canza mai, sai an sake awon soda. Da ban san haka ba, yanzu na sani."

"Daɗin baki!" Shahida ta taɓe baki. "Na farkon hwa? Wa ya ga abin da anka sa?"

"Ke kin ga bai bushe ba. Na ce maki kar a taɓa, ko ban ce ba?"

Fifitar ta tsaya. Hajiya ta juya a hankali ta dubi 'yar ƙanwarta, Shahida kuwa ta shiga gyaran ɗankwalin da bai kwance ba.

Sai ga Jabir daga zaure, ashe duk yana ji. Ya ɗauki ragowar sabulun farko a bakin rariya, ya jiƙa, ya murza a fuskarsa har wuya.

"Jabir! Ka haukace?" Hajiya ta zabura.

"In asiri ne, Hajiya, ya kama ni gabanki." Ya juyo, ido na ruwa don zafi. "Na tambaye ki abin da bai kamata in tambaya ba, Luba. Ki yahe mani."

"Wanke! Wanke maza, sakarai!"

Ita ta sheƙa masa ruwan buta, tana faɗa tana kuka, ta tura masa gwangwanin man kaɗe. Haushinsa take ji, son sa kuma ya fi haushin yawa.

Ta zuba sabon haɗin a akwatin katako, ta ce a ajiye a ɗakin Hajiya har ya nuna, kada a ce ta ƙara wani abu a bayan ido. Ta kwashe kayanta ta fita, ba ta waiwaya ba.

Wata ya wuce, shiru. Ta rame, amma ba ta aika ba, ba ta roƙa ba.

Ran wata Lahadi, ana cin kasuwa, sai ga Hajiya Tasalla da kanta a tsakar gidansu, fuska sumul.

"Kumfarsa ba ta da yawa," ta ce, tana ɓata rai.

"Haka na so shi, Hajiya."

"Taurin kai gare ki, awa jakin Ƙonni." Ta gyara mayafi, murmushi ya ƙwace mata. "Malam na ciki? Ki ce mai iyayen Jabir na tahe Juma'a. Kuma tukunyar taki, ɗiyata, a sa ta cikin kayan ɗaki."